Yadda Ake Zaɓar Allon Zane Mai Sikirin na Farko da Haɗa Shi da Kwamfuta

Masu shirin fara zane a kwamfuta kusan tambayarsu ɗaya ce: wane kamfani ya fi, Wacom ko Huion ko XP-Pen? Dukkansu suna ƙera allunan da za su ishi mai farawa. Yawancin kukan da ake yi a makon farko, wato sikirin ya ƙi kawowa, ko alƙalami ya riƙa rubutu a wata fuskar daban, ko layi ya fito da kauri ɗaya duk yadda aka danna, daga wajen haɗi da saiti yake tasowa. Shi ya sa za mu fara da kwamfutar da ke gabanka kafin mu je ga allon.

A sani tun yanzu, allo irin su Cintiq na Wacom da Kamvas na Huion da Artist na XP-Pen sikirin ne na biyu mai jin alƙalami, ba ya aiki shi kaɗai. In ba a jona shi da kwamfuta ba, baƙi ƙirin zai zauna. Wanda yake son abin da zai saka a jaka ya yi zane ko'ina, iPad ko makamancinsa yake nema, wannan kuwa wata magana ce daban.

1. Duba kafofin kwamfutarka kafin ka sayi komai

Abu uku ne ke bi ta waya tsakanin allon da kwamfuta: hoto, bayanan alƙalami, da wuta. Hanyoyin haɗin kuma biyu ne. Akwai waya mai rassa uku, wadda kai ɗaya ke shiga allon, ɗaya gefen ya rabu zuwa HDMI na hoto, USB na alƙalami, da wani USB ɗin na ƙarin wuta, wanda galibi ake yi wa jan kai. Akwai kuma wayar USB-C guda ɗaya da ke ɗaukar duka ukun.

A kan USB-C ɗin nan mutane suka fi ruɗewa. Ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba. Sai wadda ke da DisplayPort Alt Mode, ko wadda take Thunderbolt 3 ko 4. Wani lokaci za ka ga alamar walƙiya ko harafin D a gefen kafar, amma kwamfutoci da yawa ba sa nuna komai, saboda haka ka nemi lambar samfurin kwamfutarka, ka karanta bayanan kafofinta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. In an rubuta cewa kafar ta caji da tura bayanai ce kawai, to wayar mai rassa uku za ka yi amfani da ita.

Mai kwamfutar tebur ya leƙa bayanta. In tana da katin hoto na daban, za ka ga kafofin HDMI a wuri biyu: ɗaya a sama kusa da kafofin USB, sauran a ƙasa a jikin katin. Na jikin katin ake amfani da su, domin ta saman sau da yawa a kashe take. In kuma HDMI ɗaya ce tak a katin kuma sikirinka na yau da kullum ya riƙe ta, mayar da shi kan DisplayPort ka bar wa allon HDMI.

Gargaɗi: kada ka sayi adaftar nan da ke mayar da USB na gama-gari zuwa HDMI don cike gurbi. Tana matse hoton ne ta hanyar manhaja kafin ta tura, sai layi ya riƙa biyo bayan alƙalami da jinkiri. Ga kallon bidiyo ba laifi, ga zane kuwa azaba ce.

Dangane da ƙarfin kwamfuta, RAM mai 8GB za ta yi aikin farawa, 16GB ta fi daɗi idan leyoyi, wato shimfiɗun zane da ake ɗorawa ɗaya a kan ɗaya, suka yi yawa ko shafi ya kai girman A4 a kan 300 dpi, wato fiksel 2480 sau 3508.

2. Girma da yawan fiksel

Ana samun allunan a inci 12, 13, 16, 22, 24 da sama. Girman da yawan fiksel tare ake duba su, don fiksel 1920 sau 1080 da ke fitowa tas a ƙaramin allo shi ne ke bajewa a babba. A inci 13.3 yana ba da kusan fiksel 166 a kowane inci, a 15.6 kusan 141, a 21.5 kuwa ya sauka zuwa kusan 102. Ka tuna fuskarka ta fi kusa da allon zane fiye da yadda take da sikirin tebur, don haka a inci 22 mai 1080 za ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo a gefen layi da haruffa. Daga inci 22 zuwa sama, gara mai 2560 sau 1440 ko 4K.

Ga mai farawa, inci 16 ne ya fi dacewa. A inci 12 ko 13, da zarar ka buɗe akwatin leyoyi da na launuka da na burusai, wurin zanen da zai rage bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Inci 22 da 24 kuma suna cinye tebur, suna da nauyi, suna buƙatar tasu wutar daga soket.

Kafin ka biya kuɗi, nemi faɗi da tsawon jikin allon gaba ɗaya, ka yanka kwali daidai wannan awon, ka ɗora a teburinka. Allon inci 16 mai maɓallai a gefe yakan kai santimita 40 ko fiye a faɗi. Sai ka ga ko akwai sauran wurin kibod, domin za ka ci gaba da buƙatarsa.

3. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi, da wanda talla ce

Na farko a jerin shi ne manna gilashi. A tsofaffin alluna da wasu masu araha akwai 'yar tazara tsakanin gilashin da kake taɓawa da sikirin da ke ƙarƙashinsa. In ka kalla daga gefe, sai ka ga tsinin alƙalami yana nan, kibiyar tana can. A allon da aka manna gilashinsa da sikirin kai tsaye, wanda ake rubuta wa full lamination a jikin kwali, tazarar ta ragu ƙwarai. In kuɗinka zai iya ƙarin abu ɗaya ne kawai, wannan za ka ƙara wa.

Na biyu fatar saman allon. Gilashi mai sulɓi yana sa alƙalami zamewa, yana kuma mayar da hasken fitila cikin ido. Akwai mai 'yar kaushi da aka yi a jikin gilashin kansa, akwai wanda leda ce mai kaushi aka liƙa. Na jikin gilashi ya fi daɗewa. Ledar tana karcewa a hankali, sai dai ana iya ɓare ta a sa sabuwa.

Matakan nauyin hannu kuwa, nan ne talla ta fi ƙarfi. Za ka ga 4096, 8192, har 16384. Hannun mutum ba ya rarrabe su a aikace. Abin da ake ji a hannu shi ne ƙanƙantar dannawar da alƙalami ke buƙata kafin ya fara fitar da layi. Alƙalami mai kyau yana amsawa da ka ɗan shafa shi a kan gilashi, marar kyau sai ka matsa. Ba a cika rubuta wannan da manyan baƙaƙe ba, sai dai ka nemi bidiyon masu gwaji ka ga yadda siraran layuka ke fitowa. Alƙaluman yanzu kusan duk ba su da batir, daga allon suke samun wuta, kuma yawancinsu suna jin karkatar hannu har digiri 60.

Launi ma akwai ruɗani a cikinsa. In aikinka na intanet ne, allon da ya rufe sRGB, wato ma'aunin launukan da intanet ke amfani da shi, kusan ɗari bisa ɗari ya isa. Inda ka ga 72% NTSC, kusan daidai yake da hakan. Lambobi irin su 120% sRGB suna nufin allon yana iya fitar da launuka masu tsananin kaifi, ba su tabbatar da cewa launin daidai yake ba. Adobe RGB mai faɗi masu aikin ɗab'i ne ke buƙatarsa.

Taɓawa da yatsa ba dole ba ce, tana ƙara tsada, mutane da yawa ma kashe ta suke yi saboda gefen hannu yana motsa musu shafi.

4. Lissafin kuɗin da ba a rubuta a kwali ba

Karanta jerin abin da ke cikin kwalin a hankali. Wasu allunan ba sa zuwa da matokari, wasu suna zuwa da wayar mai rassa uku amma ban da ta USB-C, wasu babu kan caja na soket. Ƙara kuɗin waɗannan, da na tsinayen alƙalami, da safar hannu mai yatsa biyu in ba a saka ba. Wayar USB-C ɗin dole ta kasance mai ɗaukar hoto, ta cajin waya ba za ta yi ba ko da ta shiga daidai. A wasu allunan ma kafar tana can cikin ɗan rami, kan waya mai kauri ba ya isa ciki.

Manhajar zane ma tana cikin lissafi. Krita kyauta ce kuma ta isa a koyi komai da ita. Clip Studio Paint ana biya, Photoshop kuma kuɗin wata-wata ne. Ba sai ka biya ko ɗaya ba a watannin farko.

Tambayi wa'adin mayar da kaya da tsawon garanti, ka ajiye rasit da kwalin. In na hannu za ka saya, tabbatar kamfanin yana fitar masa da direba har yanzu, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, kuma ana samun alƙalaminsa a kasuwa. Alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a allon wani, kai ko a kamfani ɗaya ma ba kowane alƙalami ke hawa kowane samfuri ba.

5. Direba kafin waya

Kada ka jona allon tukuna. Sauri ya haifi nawa, kuma a wannan matakin ne aka fi ganin hakan.

Fara da cire duk wani direban allon zane da aka taɓa sakawa a kwamfutar, ko da na ƙaramin allo ne marar sikirin. Direbobi biyu na kamfanoni daban-daban suna rikici kan alƙalami ɗaya, sakamakon kuwa shi ne nauyin hannu ya ɓace ko kibiya ta riƙa tsalle. Bayan ka cire, kashe kwamfutar ka kunna.

Sai ka je shafin kamfanin da kansa, ka nemi samfurinka da ainihin lambarsa da shekararsa, domin ana maimaita suna ɗaya a kan alluna daban-daban. Sauke direban, rufe duk manhajojin zane, ka saka shi, ka sake kashewa da kunnawa.

Mai Mac yana da ƙarin aiki. Shiga System Settings, sai Privacy & Security, ka ba direban izini a ƙarƙashin Accessibility da Input Monitoring. In ba ka yi ba, hoto zai fito amma alƙalami ba zai danna komai ba, ka ɗauka allon ne ya lalace.

6. Jona wayoyi

Ɓare ledar kariya ta kamfani, wadda ke da ɗan kunne a kusurwa. Gargaɗi: a ƙarƙashinta, a alluna da yawa, akwai ledar nan mai kaushi da aka liƙa don zane. In ka ga wata ledar ba ta da kunne kuma ta manne sosai, bar ta, tata zama ce.

Saka kan wayar a allon, sai HDMI, sai USB na bayanai, sannan ka danna maɓallin kunnawa. In sikirin yana ƙiftawa, ko yana mutuwa yana dawowa, ko haskensa ya yi rauni, wuta ce ba ta ishe shi ba: saka USB mai jan kan nan a caja ta soket. In ya rubuta No Signal, hoto ne bai iso ba, sai ka koma kan bayanin mataki na farko. In hoto ya fito amma direba ya ce bai ga na'ura ba, USB na bayanai ne, canza masa kafa, kuma ka saka shi a jikin kwamfutar kai tsaye, ba ta akwatin rarraba USB ba.

Mai allon 4K ya lura: HDMI 1.4 ba ta wuce 30Hz a 4K, motsi zai riƙa yankewa. Ana buƙatar HDMI 2.0 ko DisplayPort don a samu 60Hz.

7. Gaya wa alƙalami fuskar da zai bi

A Windows danna maɓallin Windows tare da P. Duplicate yana nuna abu ɗaya a fuskokin biyu, Extend yana mayar da allon fuska mai zaman kanta. Extend ya fi, domin kana iya ajiye hoton da kake kwaikwayo a ɗaya fuskar, kuma kowane sikirin yana aiki da nasa yawan fiksel. A Duplicate, in girman fuskokin bai zo ɗaya ba, hoton allon yakan yi dishi-dishi ko ya samu baƙin gefe.

Shiga Display settings, zaɓi allon, ka tabbatar yawan fiksel ɗinsa yana kan wanda aka rubuta wa Recommended. Sannan ka buɗe direba, ka nemi wurin da ake kira Work Area ko Mapping, ka zaɓi allon zanen shi kaɗai. Wannan ne maganin matsalar da ta fi kowace yawa: kana zane a allo, kibiya tana yawo a sikirin kwamfuta. In kuma an bar shi a kan dukkan fuskoki, da'ira za ta fito a baje kamar ƙwai, saboda an shimfiɗa faɗin allo ɗaya a kan fuska biyu.

In bayan wannan kibiyar tana nesa da tsini, nisan kuma yana ƙaruwa yayin da kake zuwa gefe, duba Scale a Display settings. Wasu direbobi da manhajoji suna ruɗewa in fuska ɗaya tana 100% ɗayar tana 150%. Daidaita su, ka rufe manhajar zanen ka sake buɗewa.

8. Zauna daidai, sannan ka daidaita tsini

Tsarin zama yana zuwa kafin daidaita tsini, saboda daidaitawar ta dogara ne da inda idonka yake. Kada ka shimfiɗa allon a kwance a tebur, wuya da baya ne za su biya. Ɗaga shi da matokari zuwa digiri 20 ko sama, yadda za ka kalle shi ba tare da sunkuyawa ba, kafaɗa a sake, gwiwar hannu tana da wurin motsi. Kada fitila ko taga ta kasance inda haskenta zai dawo maka cikin ido.

Yanzu buɗe Calibration a direba. Alamomi za su fito a kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya. Riƙe alƙalamin yadda kake riƙe shi lokacin zane, ka bar kanka inda yake, kada ka leƙa kan kowace alama. Masu leƙawa suna samun saitin da ya dace da leƙe kawai, da sun koma zamansu sai kibiya ta kauce. In allonka mai mannannen gilashi ne kuma kibiya tana zaune daidai a tsakiya tun daga kamfani, ƙyale shi haka. Ɗan kaucewa a can ƙarshen gefe abu ne da aka saba gani.

Bahago zai juya allon digiri 180 don maɓallai su koma dama. Sai an juya a wuri biyu, a saitin fuska na kwamfuta da kuma cikin direba.

9. Nauyin hannu

Gwada a cikin direba tukuna, akwai wurin gwaji. In yana jin nauyi a can amma ba ya ji a manhajar zane, to hanyar sadarwarsu ce ba ta zo ɗaya ba. Windows yana da hanyoyi biyu, Windows Ink da WinTab, kuma dole direba da manhaja su yi amfani da iri ɗaya. Photoshop da Windows Ink yake zuwa, saboda haka a bar akwatinsa a kunne a direba. A Krita ana zaɓa a Configure Krita ƙarƙashin Tablet settings, sai an rufe an buɗe kafin canjin ya kama. A Clip Studio Paint yana cikin Preferences, sashen Tablet. Ka kuma tabbatar burushin da ka ɗauka mai jin nauyi ne, don wasu an yi su da kauri ɗaya.

Daga nan sai lanƙwasar nauyi, wato saitin da ke cikin direba na yadda dannawa ke juyewa zuwa kaurin layi. Zana layi daga mafi siriri zuwa mafi kauri. In sai ka danna da ƙarfi kafin ka kai ƙarshen kaurin, sassauta saitin yadda zai cika tun kafin hannunka ya gaji. Wannan yana rage ciwon wuyan hannu, yana kuma rage cin tsini. In kuwa layi yana kumbura da ka ɗan taɓa, ƙara masa tauri.

Wata 'yar da'ira da ke fitowa in ka daɗe da tsini a wuri ɗaya aikin Windows ce. Ana kashe ta a Control Panel, Pen and Touch, Press and hold.

10. Haske da launi

Kashe Night light a Windows, ko Night Shift da True Tone a Mac, lokacin aikin launi. In allon yana da zaɓin sRGB a saitinsa, ɗauke shi, da farin 6500K da gamma 2.2. Rage haske har farin shafi ya daina ɗaukar ido. Allon da sikirinka ba za su taɓa zama ɗaya sak ba sai da na'urar awon launi, wadda mai farawa ba ya buƙata. Tura zanen zuwa waya ka duba, in bambancin bai yi yawa ba ka ci gaba.

11. Gwaje-gwaje kafin wa'adin mayarwa ya cika

Yi waɗannan a kwanakin farko. Cika fuskar da baƙi, sai fari, ja, kore, shuɗi, kana neman ɗigon da ya ƙi canza launi. Kashe mai gyara layi na manhaja, ɗora rular roba, ka ja layi a karkace a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa. 'Yar rawa kaɗan ba komai, amma in ya fito kamar igiyar ruwa, akwai matsala. Kada ka yi da rular ƙarfe, tana dagula siginar alƙalami kuma tana iya karce fuskar. Ja layuka masu sauri ka ga ko ƙarshensu yana sirancewa sumul. Bi ko'ina a fuskar da layuka a jere don gano wurin da layi ke yankewa. Danna kowane maɓalli. In alƙalami yana zuba layi tun bai taɓa gilashi ba, cire tsinin ka mayar, in bai daina ba a canza maka shi.

12. Maɓallai da kula da kaya

Kada ka cika maɓallai da umarni tun ranar farko. Fara da Ctrl+Z na soke kuskure, da Space na jan shafi, da B da E na burushi da magogi, da [ da ] na rage girman burushi da ƙara shi. Bayan mako guda za ka san abin da hannunka ke yawan nema. In ka gama saiti, ajiye kwafinsa ta wurin Export ko Backup na direba, domin sabunta direba yakan share komai. In direban da kake kai yana aiki lafiya, ba dole ka sabunta shi ana tsakiyar aiki ba.

Goge fuskar da ƙyalle mai laushi irin na tabarau kafin ka fara, saboda ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin tsini ita ke jan karce. Kada ka fesa ruwa ko sinadarin goge gilashi kai tsaye. Riƙe kan waya lokacin zarewa, ka kuma bar mata sarari kada ta lanƙwashe a bakin kafa, nan ne take fara mutuwa. Alƙalami ba ya son faɗuwa, akwai ɗan sanda mai saurin tsagewa a cikinsa, kuma ba a ajiye shi a tsaye da nauyinsa a kan tsini. Duba tsinin lokaci-lokaci: in gefensa ɗaya ya cinye ya yi kaifi, ko ya rage bai fi milimita ɗaya a waje ba, zare shi da ɗan zoben ƙarfen da ke cikin kwalin, ka tura sabo har ya tsaya.